Na Sayar da Lambun Mahaifina Saboda Motar Mushe

Assalamu alaikum, edita da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na yarda in rubuto shi, domin duk wanda ya san ni a Madarounfa zai gane ni ko ban faɗi suna ba. To, ya gane. Abin kunyar ai na riga na yi shi a gaban kowa.

Shekara huɗu da suka wuce ni magidanci ne mai shekara talatin da biyar, da mata da 'ya'ya uku, ga Inna mahaifiyata tana zaune tare da mu. Sana'ata aikin lambu. Mahaifina ya rasu ya bar mini wani lambu a gefen tabki, ƙarami, wanda in ka tsaya a wannan gefen ka yi magana, na wancan gefen zai ji ka ba sai ka ɗaga murya ba. Akwai rijiya a ciki, da mangwaro huɗu, da layukan zogale, in rani ya yi kuma in zuba tumatir da albasa. Ban yi arziki da shi ba, amma tukunyar gidana ba ta taɓa kwana a kife ba. Ina da amalanken jaki da nake kai kaya kasuwa. Ciwona ɗaya ne a duniya, shi ne son mota, kuma ba kowace mota ba, wata guda ɗaya da na ƙwallafa wa rai tun ina ƙarami.

Motar direktan lekol ɗinmu ce, wato shugaban makarantarmu, wanda duk gari ke kira Mushe, kamar yadda muke kiran malaman boko. Fara ce, irin mai dogon bayan nan mai layin kujeru uku. Ya saye ta kusan sabuwa hannun wani Bature da ya gama aikinsa zai koma gida. Mushe mutum ne mai tsantseni, ba ya fito da ita sai ranar Juma'a, sai kuma ƙarshen wata in zai je Maradi. In ta wuce sai mu bi ta da ido har ta sha kwana. Na girma, na yi aure, na haihu, amma duk ranar da na ji ƙarar injinta sai in aje fartanya in ɗaga kai. Daga baya Mushe ya aje aiki, idanunsa suka raunana, motar ta daina fitowa gaba ɗaya. Aka shigar da ita rumfar bayan gida inda suke aje buhunan wake da gero, aka lulluɓe ta da tamfol. A nan ta yi shekara shida.

Da Allah ya yi masa rasuwa, bayan sadakar arba'in na koma gaishe da matarsa, Hajiya. Muna cikin gaisuwa ta ce mini za a raba gado, 'ya'yan duk suna nesa, babu mai son motar, kuma ita ba ta so ta faɗa hannun dillalai su farke ta su sayar gunduwa-gunduwa. Ta ce ta fi so ta ga ɗaya daga cikin ɗaliban marigayi yana tuƙa ta. Ta sa aka yaye tamfol. Kujerunta lafiya lau, babu inda ya yage, jikinta babu lotsawa ko ɗaya, har ƙamshin turaren Mushe yana nan a ciki. Na leƙa na duba lambar kilomita, ko dubu sittin ba ta cika ba. Motocin da ke tasharmu, waɗanda aka ƙera bayanta da shekara goma, sun ninka wannan sau biyar suna nan suna yawo. Nan take na yi lissafi irin namu na manoma: sa wanda bai sha huɗa ba ya fi wanda aka gajiyar, jakin da ya huta ya fi wanda ya sha kaya. Na ce a raina wannan mota ta yi shekara shida tana hutu, ƙarfinta duk yana jikinta.

Ina da aboki direba a tasha, shi ya koya mini tuƙi har na samu permi, wato lasisin tuƙi. Da na ba shi labari bai yi murna yadda na so ba. Ya ce in ɗauki makanike mu je ya duba ta ciki da waje kafin a yi maganar kuɗi, domin shi a saninsa zama ya fi tafiya kashe mota. Na ce masa ya yi wa Allah ya rufa mini asiri. Ta yaya zan shiga gidan malamina, matarsa ba ta ma fita takaba ba, in sa wani ƙato ya kwanta ƙarƙashin motarsa yana ƙwanƙwasa ta, kamar ina zargin mamaci da ha'inci? A wurinmu ko akuya ce dattijo ya ce maka lafiyarta lau, ba ka buɗe bakinta a gabansa. Abokina ya ce kunyar nan tawa ita za ta kai ni ta baro. Na ɗauka hassada ce, har na yi kwana biyu ina gaishe shi sama-sama.

Abin da nake da shi bai kai rabin kuɗin ba, duk da Hajiya ta yi mini rangwame. Sai idona ya koma kan lambu. Maƙwabcin lambuna na gefen gabas ya daɗe yana sonsa. Mutumin kirki ne, sa'an mahaifina. Da na je masa da maganar sai da ya tambaye ni sau biyu ko Inna ta sani. Daga ƙarshe ya saya, amma ya ce a gaban shaidu, saboda zumuncin da ke tsakaninsa da marigayi, in na dawo masa da abin da ya ba ni kafin ruwan farko ya sauka, zai maido mini lambun ba tare da ƙarin ko dala ɗaya ba. A lokacin an gama girbi ke nan, ina da wata bakwai a gabana. Na ga ai da jigilar 'yan kasuwa zuwa Ɗan Issa da Gabi, kafin damina na fanshi lambu, mota kuma ta zama riba. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce ita ba ta san komai game da ƙarfe ba, amma ta san ƙasa ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba. Ta yi mini addu'a, ta shiga ɗaki. Har yau ina tuna yadda ta saki labule.

Gaskiya ba zan ɓoye alherin motar ba. Batir kawai na canja, na zuba mai, a murɗawa ta uku ta tashi. Injinta ba ya hayaƙi, ba ya kakari, ƙofofinta suna rufuwa da taɓawa ɗaya. Ranar farko na ɗauki Inna na kai ta Safo wurin ƙanwarta, wadda rabonsu da juna ya fi shekara. Ta zauna gaba tana riƙe da gefen kujera da hannu biyu, tana ce mini in rage gudu alhali ko mai keke zai iya wuce mu. Da muka isa, ƙanwar ta fito tana guɗa. A ranar ji na yi babu wanda ya kai ni a duk ƙasar Maradi. Sati uku na yi ina jigila kusa-kusa, fasinja suna rububinta saboda laushin kujeru. Na lura tayoyin sun yi 'yan tsage-tsage a gefe, na kuma ga ɗigon ruwa a ƙasa inda take kwana. Na ce sai na ɗan tara abin hannu tukuna, tunda duk abin da na mallaka ya tafi wurin sayenta.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Ɗan Issa ce. Na cika ta da mutane, na ɗaure buhunan albasa a sama, muka kama hanya da hantsi. Rana ta yi zafi sosai. Ina tafe ina duba allurar da ke nuna zafin inji, tana kwance a ƙasa abinta, hankalina kwance. Wata dattijuwa a baya ta ce tana jin ƙauri, na ce mata ƙila ciyawa ake ƙonawa a gonaki. Ba mu yi nisa da wannan maganar ba motar ta fara ja da baya, na taka ta ƙi, sai wani ƙara kamar an buga tukunyar ƙarfe, ta tsaya cik. Da na buɗe gaba tururi ya buge ni a fuska. Fasinja suka sauka suna yi mini sannu, suka tare wata motar suka wuce. Ni kuwa na zauna bakin hanya har azahar, sai abokin nan nawa da na yi wa fushi, shi ya zo ya ja ni da igiya har Maradi.

Makaniken da muka kai wa tsoho ne mai barkwanci. Ya zagaya motar yana shafa ta, ya ce rabonsa da ganin irinta mai kyan jiki haka tun yana saurayi, ya tambaye ni a wane kabari na tono ta. Da ya buɗe injin sai dariyar ta ɗauke. Ya nuna mini robar da ke kai ruwa, ta bushe ta tsage, ya matsa ta da yatsa ta ɓare kamar busasshiyar kuka. Ya ce roba ba ta san kilomita ba, shekaru take ƙirgawa, ko mota ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Ruwan da ya kwana shekara shida a ciki ya zama tsatsa ya toshe hanyoyi. Allurar da na dogara da ita kuwa, ɓerayen da ke cin waken Hajiya sun daɗe da gutsure wayarta. Na yi ta tafiya babu ruwa a inji har ya ƙone ya kame. Sai ya faɗi maganar da ta fi komai yi mini ciwo. Ya ce cikin injin nan, kafin in ƙona shi, sabo ne fil, da na kawo masa ita tun ranar farko ya canja robobi da mai da ruwa da tayoyi ya duba birki, abin da bai wuce kuɗin rago biyu ba, da sai ta yi mini shekara goma tana aiki.

Daga nan na shiga neman inji. Na bi garejin Maradi ɗaya bayan ɗaya, na tsallaka Jibiya, na kai har Katsina. Ko'ina amsa ɗaya ce, an daina yayin irinta, kayanta sun ƙare. Wanda na samu guda ɗaya ya sha wahalar da ko kyauta aka ba ni ban san ya zan yi da shi ba. Ina cikin wannan yawo watanni suka tafi, na sayar da jaki da amalanke muka ci. Ranar da hadarin farko ya haɗo, kowa a gari yana murna, ni ina tsaye ƙofar gida ina jin kamar a ƙirjina ake tsawa. Maƙwabcin nan bai cuce ni ba, har sati biyu ya ƙara mini bayan ruwan ya sauka. Da ya ga shiru sai ya aiko a ba ni haƙuri, ya ɗauke shingen da ke tsakanin lambunsa da nawa ya haɗe su.

Yanzu ƙwadago nake yi a lambunan mutane. Motar na sayar wa masu sayen ƙarfe, ban tsaya na ga lokacin da suka ɗauke ta ba. Abin mamaki, ba na kewarta ko kaɗan. Lambun nake kewa, kewar da ban san akwai irinta ba. In iska ta taso daga tabki da safe sai in san yanzu mangwaro ya fara fure, in san wane layi ya kamata a ba ruwa, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Na yi shekara biyu ina zagaye ta wata hanya don kada in bi ta wurin. Bara Inna ta yi rashin lafiya, ta ƙi cin komai, ta ce kwaɗon zogale take so, kuma na lambun mahaifina. Dole na je. Dattijon ya tarbe ni da fara'a, ya tsinko da hannunsa ya cika mini buhu, na miƙa kuɗi ya ce in mayar, a gaishe masa da Inna. Na gode masa, na juyo da buhun a kai, ban kai bakin hanya ba hawaye ya zubo mini. Inna ta ci ta ƙoshi ranar.

Abin da na koya shi nake so in bar wa duk mai karanta wannan. Tsohuwar mota mai ƙarancin tafiya ba abin gudu ba ce, tana iya zama alheri, tawa ma alheri ce na lalata da hannuna. Amma kada lambar kilomita ta rufe maka ido, ka tambayi shekara nawa ta yi a tsaye, da inda ta tsaya. Ka kai makanike ya duba, ko ta ubanka ce, ko ta malaminka, domin Hajiya ba ta yi mini ƙarya ba, ita ma ba ta san abin da ke cikinta ba, kuma da na nemi izini cikin ladabi da ba ta hana ni ba. Kada ka zuba duk abin da kake da shi a sayen, ka bar na gyara. Sama da duka, ɗan'uwa, kada ka sayar da abin da ke ciyar da kai don abin da kake sha'awa. Ni yau in zan shiga lambun mahaifina sai na tsaya bakin shinge na yi sallama, na jira a amsa mini.