Ragon Baba Idi zai shiga fili ranar Asabar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita aiki Zainab 'yar Baba Idi ta kira ni daga unguwar Small Heath a Birmingham. Baba Idi ya rasu. Ya dawo daga sallar asuba ya kwanta, shi ke nan.



Ga waɗanda ba su san shi ba, mahauci ne, ɗan zangon Kumasi. Lokacin da na zo Birmingham ban san kowa ba, shi ya ba ni katifa a falonsa. Da na koma Manchester kuma sai ya mayar da ni direbansa. Ya hau bas ya zo unguwarmu Cheetham Hill, in kai shi kasuwar raguna can cikin duwatsu.

Wutsiya ce ta fara kai shi can. Tumakin gari ana yanke musu wutsiya, shi kuwa ba ya yarda a yi layya da su. Na dutse ana barin tasu. Turawa suna ta gardama a kan baƙin fuska da lanƙwasar ƙaho, wanne ne na asali wanne ne gauraye, Baba yana baya yana ɗaga wutsiya.

Daga baya gardamar ta kama shi. Ya sayi tumaki ya ajiye a gonar wani tsoho, ya ce sai ragonsa ya shiga filin da ake baje ragunan asali a kasuwar.

Duk shekara masu tantancewa su kore shi, wai ƙafa ta yi tsawo. Baba da idon gida yake zaɓe, shi dogon rago kamar Balami ne rago. Ya hau faɗa: "Wannan gajeren ne na asali? Ai ko akuya ta fi shi kwarjini." A mota in tsokane shi, ya ce in tuƙa in rufe masa baki.

Ya sha kunya, ya koya, ya sake zaɓe. Bana suka karɓi ragonsa.

Ranar Lahadi muka je duba shi. Baba ya tsuguna yana shafa masa wuya, numfashinsa na fita da ƙyar, na ɗauka hawan dutsen ne. Ya ce, "Nura, ko ban samu zuwa ba ka shigar da shi. Ina so a kira sunana a wurin nan sau ɗaya."

Na yi dariya na ce ina za ka?

Jama'a, kasuwar jibi Asabar ce. In ragon bai isa da sassafe ba an cire shi, kuma babu wata shekarar da za a sake kiran sunan Baba. Tsohon mai gonar yana kwance asibiti. Ba ni da tirelar dabbobi, ban taɓa riƙe rago a fili ba. Wallahi na rasa inda zan sa kaina, tsoro nake ji.

Duk mai tirela, ko wanda ya san mai ita, tsakanin Manchester da Birmingham, don Allah ya yi mini magana yau. Jana'iza gobe bayan Juma'a in an ba da gawa.

Allah ya jiƙan Baba Idi, ya haskaka kabarinsa, ya ba Zainab da mahaifiyarta haƙuri. Ku sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini Allah ya riƙe hannuna ranar Asabar, in tsaya ban faɗi ba lokacin da Baturen da ke kiran sunayen masu raguna zai ɗaga murya ya ce Idrisu.