Motar da Ba a Jin Zuwanta

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Kaduna, ni da wani abokina mai sayar da motoci, a cikin motar da ya yi wata uku yana lallashina in saya. Haibirid ce, wato ga injin fetur, ga kuma wani babban batir a ƙarƙashin kujerar baya. In ana tafiya a hankali batirin ne ke jan ta, in aka taka wuta inji ya karɓa yana yi wa batirin caji da kansa. Da yawa daga cikinku kun sha tambayata ko canjin yana da riba, ni ma kuma tambayar ce ta hana ni sakat. Dalilina ba na gayu ba ne. Mahaifiyata tana wani ƙauye can bayan Birnin Gwari, ta ce ba mai raba ta da ɗakinta, kuma shekara biyu ke nan rabona da ita. Da farko tsoron hanya ne ya hana ni zuwa. Da hanya ta ɗan lafa sai fetur ya tsaya mini a wuya, don tsohuwar motata ba ta da labarin lita ta yi tsada. Abu ɗaya nake so in sani: in na sayar da ita na cika na sayi wannan, zan iya zuwa gaida Inna duk wata?

Mamakina na farko tun a ƙofar gida ne. Abokin nawa ya miƙo mini makulli ya ce in danna wani maɓalli. Na danna, fitilu suka kawo, shiru. Na sake kai hannu zan danna ya riƙe ni, wai ai ta tashi. Na sa giya ina harararsa, sai na ga katangar maƙwabcina tana wucewa. Na fi shekara ashirin ina tuƙi, ban taɓa jin na zama baƙo a bayan sitiyari ba sai ranar. Muka cika tanki a Mando, ya ce in kalli allurar mai da kyau in riƙe inda take.

A Buruku muka tsaya karin kumallo, ƙosai mai zafi da kunun gyaɗa a wurin wata dattijuwa da ba ta da lokacin dariyar kowa. Duk da an ce an samu sauƙi, direbobi ba su bar tsohuwar ɗabi'arsu ba: ba mai son shiga dajin shi kaɗai, sai motoci uku ko huɗu sun taru a bi juna. Muna jira suka kewaye motar tamu. Wani direban haya, wanda ya danna fasinja bakwai da buhunan taki a motar mutum huɗu, ya leƙa ciki ya leƙa ƙasa, sannan ya ce, "Alhaji, kyau kam akwai. Amma in ta mutu maka tsakanin Udawa da Kuriga, wa ya san kanta?" Abokina ya fara masa bayani irin na 'yan kasuwa, shi kuwa ya koma wurin kununsa.

Hanyar, ga wanda bai san ta ba, kwalta ce da ramuka, wani wurin ma ramuka ne da ɗan kwalta. Nan na fara ganin amfanin motar, don duk inda muka rage gudu don kauce wa rami sai inji ya mutu, batir ya ci gaba da aiki. Amma shirun yana da nauyi a wannan daji. Kana jin tsuntsaye, kana jin ciyawa na gogar ƙofa, kana jin numfashin na kusa da kai. Muka wuce ƙauyukan da na sani da masu tallan gasasshiyar masara a bakin titi, yanzu rufin ɗakuna ya rufta, ciyawar gamba ta fito har cikin masallaci. Muka wuce gawar wata tirela da ta ƙone tun ban san yaushe ba. Sai kuma can gaba ka ga gona an gyara ta tsaf, masara ta bushe a tsaye tana jiran karya, mata na ɗaure itace, ka rasa ko murna za ka yi ko kuka.

A wani shinge na jami'an tsaro, wanda ya tsayar da mu ya ɗaure fuska ya tambaye mu dalilin da ya sa muka kashe mota tun daga nesa. Muka ce ba mu kashe ba. Sai da na ja ta gaba na dawo da ita baya a gabansa kafin ya yarda, ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Mun yi dariya mun wuce. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa abin ya dame shi haka ba.

Da hantsi sosai muka shiga Birnin Gwari. Na kalli allurar mai, na ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ko ta maƙale ne. Da ƙyar ta gusa. A tawa motar, nan ne nake fara neman 'yan bumburutu da galan ɗinsu. Wallahi na girgiza, kuma a zuciyata na gama saye. Kasuwa ta cika ba kamar zuwana na ƙarshe ba, ga doya tuli-tuli, ga sabuwar masara, ga Fulani sun shigo da shanu da nono, tireloli na lodin hatsi. Doya ta fi ta Kaduna sauƙi nesa ba kusa ba, sukari da sabulu kuwa sun fi tsada. Muka ci doya da miyar ganye, na sayi goro da sukari da atamfa na Inna.

Na ce lallai mu biya wurin bakaniken da ya saba duba mini mota in na zo. Ya buɗe bonet, ya ga wasu wayoyi masu kauri ruwan lemo, ya mayar da hannuwansa baya ya haɗe su. Ya ce taya da birki zai taɓa, amma wannan wutar, shi yana da iyali. Na tambaye shi mota mai amfani da lantarki zalla fa, wadda ba ta shan fetur sam? Ya nuna mini rumfar mai cajin waya da ɗan janaretonsa yana hayaƙi, ya ce in na kawo ta sai in bi layi a can. Wannan magana ta rufe mini babin motar lantarki zalla a yankinmu, aƙalla a yanzu. Haibirid ɗin dai ba ta neman soket, don haka ban karaya ba.

Bayan azahar muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙauyenmu. Babu sabis ɗin waya a can, saboda haka ba wanda ya san muna tafe. Jar ƙasa ce da yashi, ruwan damina ya zaizaye ta, ciyawa ta fi motar tsawo ta kowane gefe. Tafiyar ba ta wuce ta mai keke ba, inji bai tashi ko sau ɗaya ba. Abokina sai murna yake, wai wannan duk kyauta muke tafiya. Muka tsallake rafin da ke ƙasan gari, muka hau gangaren a hankali, ina ta nuna masa gonar mahaifina da ɗorawar da muke hawa muna yara.

Muna fitowa daga cikin ciyawa na ga mata uku a bakin rijiya, bayansu gare mu. Ɗaya ta waiwayo. Ba ta yi ihu ba, ta saki guga kawai ta fizgi goyonta ta ruga. Sai na ji ana dukan ƙarfe daga kan dutsen da ke gefen gari, da sauri da sauri, ba tsayawa. Cikin abin da bai kai minti ɗaya ba garin ya watse a gabana. Maza na tsallake danga, mata na jan yara zuwa cikin dawa, wani tsoho ya bar takalmansa a kan tabarma. Ni ma na waiga baya ina neman abin da ya biyo mu. Babu kowa. Mu ake gudu.

Na taka birki na buɗe ƙofa, sai ga bakin bindigar gargajiya daga bayan wani rumbu, a kan ƙirjina. Na ɗaga hannu ina faɗin sunan mahaifina da ƙarfi, ina maimaitawa. Wanda ke riƙe da ita Baffana ne, ƙanin mahaifina, shi ke jagorantar 'yan sintirin garin. Ya sauke ta a hankali.

"Kai ne? Me ya sa ka kashe mota a rafi?"

"Baffa, ban kashe ba. Haka take tafiya."

Ya dube ni, ya dubi motar, ya zauna a ƙasa inda yake. Nan ya gaya mini abin da ba wanda ya taɓa faɗa mini. Harin ƙarshe da aka kawo musu, bara, da rana tsaka ne. Maharan sun kashe baburansu tun daga rafi suka turo su, ba wanda ya ji komai sai da suka shigo tsakiyar gari. Tun ranar aka sa doka: mai gadi a kan dutse kunne yake kasawa. Abin hawan da aka ji ƙararsa tun daga nesa na mutanen arziki ne, don mai mugun nufi ba ya sanar da zuwansa. Wanda aka gani ba a ji ba, a buga ƙarfe, kowa ya yi ta kansa. Ya ce abin da ya hana shi danna kunamar bindigar shi ne hular da ya gani a kaina, don maharan ba sa saka irinta.

Ban tsaya jin sauran ba, na ruga gida. Na san Inna ba ta iya gudu, gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ta. Tsakar gida ba kowa, tukunya na tafasa a murhu. Na yi sallama a ƙofar ɗakinta, ba amsa. Na ɗaga labule. Tana zaune a kan buzu ta fuskanci gabas, ta lulluɓe kanta, tana maimaita kalmar shahada a hankali. Na sake sallama, ba ta juyo ba. Daga baya na ji cewa maharan bara ma da sallama suka shiga gidaje. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ne." Ta yaye mayafin ta dube ni, sai ta kira sunana. Ni ne ɗanta na fari, kuma irin matan da ne ita, tun da aka haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba saboda alkunya, sai dai "wannan" ko "mutumin Kaduna". Ranar ta faɗe shi sau uku, ta riƙe rigata. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro, kuma ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan lokacin ba.

Sai wajen la'asar mutane suka gama dawowa daga cikin dawa. Wata mata ta gurɗe ƙafa, wata ta yi awa guda tana neman 'yarta. Na bi gida gida ina ba da haƙuri, ba wanda ya yi mini faɗa, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Da hankali ya kwanta kuma sai zolaya ta tashi. Tsohon da ya bar takalmansa ya rantse shi alwala ya tafi. Suka sa abokina ya yi ta kai motar yana dawowa a gaban masallaci, suna kara kunne a jikinta. Aka kawo mana tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, muka kwana.

Da safe, muna shirin tafiya, abokina ya ce abin ai mai sauƙi ne, in na saya sai in riƙa danna hon tun daga rafi. Baffa ya ce hakan ya yi, zai gaya wa masu gadi. Na shiga yi wa Inna sallama ina gaya mata da wannan motar zan iya zuwa duk wata. Ta ci gaba da ɗaure mini daddawa a leda, sannan ta tambaye ni ina waccan tawa. Na ce sayar da ita zan yi.

"Hon kowa na da shi," in ji ta. "Ita waccan, kukanta ita kaɗai ce. Tun kana hayin rafi nake sanin kai ne, kafin ka iso na ɗora ruwa. Shekara biyun nan, duk Juma'a da yamma ita nake saurare."

Salansar motar tawa ta daɗe da fashewa, maƙwabtana a Kaduna sun gaji da yi mini magana a kanta. Ban taɓa sanin akwai mai jiran wannan ƙarar ba.

Mun iso Kaduna kafin magariba, da sauran mai fiye da rabin tanki. To ga amsarku, masu tambaya. In a cikin gari kake, kana fama da cunkoso, kuma kana da bakaniken da ya san kanta, haibirid tana da riba, na gani da idona. Mai lantarki zalla kuwa sai wanda ya tabbatar da wutarsa. Amma kafin ka canza, ka tambayi mutanen da kake zuwa wurinsu yadda suke gane zuwanka, don ni ban tambaya ba, kuma saura kaɗan Baffana ya harbe ni a ƙofar gidanmu. Na mayar wa abokina makullinsa na yi masa godiya. Tawa na ajiye ta a gida, wurin aiki a motar haya nake zuwa yanzu, man da za ta sha a cikin gari ina tara mata shi na hanyar Birnin Gwari. Jiya na kai ta a duba birki, bakanike ya ce bari ya ɗinke salansar tunda an zo. Na ce kada ya taɓa ta, ranar Juma'a zan je gida.