Iskar Damina, Ta Asali

Duk wanda ya taɓa kiran Hamma Yero a waya ya san ba ya cewa halo. Abin da za ka fara ji shi ne, "Yero ne, Iskar Damina, ta asali!" Sannan sallama ta biyo baya. Ko matarsa Adda Hauwa ce ta kira don ya taho da gishiri, sai ta saurari wannan tukuna. Kuma yana faɗa yana ɗaga yatsa ɗaya sama, sai ka ce mai kiran yana kallonsa. A shingen sojoji ma, lokacin da kowa ke sauka daga acaɓa ya wuce hannuwa a sama baki a rufe, an taɓa tambayarsa sunansa, ya ba da amsar nan cikakkiya har da yatsan. Ni da nake bayansa tuni na fara kalmar shahada.

Kun dai san Iskar Damina sunan ƙungiyarmu ne ta kiɗan biki a unguwar Nasarawo cikin Gombe. Shi ke goga kukuma yana waƙa, ni Sale ina kalangu, sai 'yan amshi biyu. Sunan ya zo ne ranar wasanmu na farko, da iskar hadari ta ɗauke rumfar biki ta kai ta gidan maƙwabta, Hamma kuma bai daina waƙa ba. Washegari ya sa aka rubuta shi da jan fenti a allo, ya kafa a ƙofar gidansa.

Matsalar ita ce sunan ya yi wa mutane da yawa daɗi. Direbobin manyan motoci ne ke kawo masa labari. Wannan ya ce akwai masu jita a Nijar da sunan, wancan ya ce ya ga wasu masu bushe-bushe a zangon Kumasi, wani ma ya rantse akwai masu bege a Sudan. Duk labarin da ya zo, sai Hamma ya yi kwana biyu abinci ba ya masa daɗi.

"Ni na riga su, Sale."

"Hamma, ta yaya ka sani?"

"Da sun riga ni ai da na ji!"

Wadda ta fi ƙona masa rai ta cikin gari ce. Aka ce masa zumuntar matan wani coci a Herwagana sun sa wa ƙungiyar waƙarsu Iskar Damina. Lokacin kuwa an jera durom da buhunan yashi a ƙofar kowane coci da kowane masallaci, kowa na kallon jakar kowa. Ranar wata Asabar bayan la'asar Hamma ya cusa kukumarsa a buhu, ya ɗaure bakin tam, ya ce in raka shi.

"Hamma, don girman Allah! Musulmi biyu da ɗaurarren buhu a ƙofar coci, a wannan zamanin?"

"To ka riƙe buhun, ni in yi magana."

Ban riƙe ba. Muna isa matasan da ke gadi suka tare mu, ɗaya ya nuna buhun daga nesa ya ce me ke ciki. Hamma ya dube shi ya ce, "Abin da zai raba gardama yau." Wallahi kafin ya rufe baki mutum uku sun kwanta a ƙasa, ni ne na huɗu. Allah ya taimake mu shugabar matan, Mama Rifkatu, ta leƙo ta gane shi, don ya taɓa wasa a bikin maƙwabciyarta. Ta sa ya kwance buhun, ta ga kukuma, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam Yero, mu yabon Ubangiji muke yi, kai kana wasa amare. Wa zai rikita mu? Iskar ma taka ce?"

"Iskar ta Allah ce. Sunan nawa ne."

Ta ce to ya zauna ya ji. Matan suka buga tulu, suka ɗauki waƙa, Hamma ya rufe ido yana kaɗa kai. Da suka gama ya tashi ya karkaɗe riga ya ce, "Kun iya. Na ba ku aro. Amma in an tambaya, ku ce aro ne." Mama Rifkatu ta ɗan rusuna ta ce, "Mun gode. In mun gama za mu wanke mu dawo da shi." Daga ranar ya samu sauƙi. Duk wanda aka ce yana amfani da sunan, ko a wace ƙasa yake, Hamma zai ce aro ya ba shi.

Sai bikin unguwar Barunde. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Modu, da rikicin ya taso shi daga Borno da iyalinsa, zai aurar da ɗansa. Ango ya ji masu jitar Nijar a waya, ya ce su yake so, wani direba kuma ya ba su lambar Hamma. Muka je, aka laluba mu a ƙofa, aka gargaɗe mu a gama kafin magariba. Abokan ango suka kewaye mu suna leƙen kayanmu.

"Baba, ina jitar?"

Hamma ya ɗaga kukuma ya ce, "Ga kakarta."

Ana cikin wasa tayar wani keke napep ta fashe a titi. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin benci da kalangu a hammata ba. Rabin taron ma sun watse. Hamma bai ko tsaya ba, nan take ya saka ni a waƙar, wai Sale Sarkin Tsoro ya shiga fada, a jira fitowarsa. Mutanen da suka baro garinsu da ƙafa suka dawo suna dariya har da hawaye. Sarautar nan ta bi ni har yau, kuma ban taɓa musun ta ba.

To, yanzu ga wanda ba na iya ba da shi da dariya zalla.

Akwai Isiyaku, mai shagon tura waƙoƙi a waya kusa da tasha. Yadda suke aikinsu, duk waƙoƙin da ke da suna ɗaya sai a tara su a folda ɗaya, a manna hoto ɗaya. Hamma da kansa ya taɓa kai masa hotonsa, da hula zanna da yatsa a sama, ya ce, "Duk inda ka ga Iskar Damina, wannan za ka manna." Ana nan sai wasu samari a Marwa ta Kamaru, masu waƙar zamanin nan da ake surutu da sauri a kan kiɗan kwamfuta, su ma Iskar Damina, suka saki waƙa suna yi wa mutanen daji ba'a. Waɗanda mu ko sunansu ba ma kamawa a fili, yaran nan suka zage su tas. Waƙar ta shigo Gombe, Isiyaku ya jefa ta a folda, ta bi wayoyi da fuskar Hamma tana murmushi.

Ni a wurin mai shayi na ji. Ya miƙo min kofi ya raɗa min, "Kun yi ƙoƙari, amma ku yi hankali." Kwana uku bayan haka Adda Hauwa ta tsinci takarda a zaure da safe. Layi biyu ne: an ji waƙarmu, an kuma san gidan. Ba sa hannu.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. A shekarun nan mutum biyu a kan babur kan tsaya a ƙofar gida, su kira sunan mai gidan, shi ke nan. Duk acaɓar da ta rage gudu a layinmu sai in miƙe in shige gida. Na daina zama a waje, na hana yarana kiran sunana da ƙarfi. Na ja Hamma muka tafi shagon Isiyaku.

Ya sa aka kunna masa waƙar, ya saurara har ƙarshe ido a rufe. Ya buɗe ya ce, "Subhanallahi! Bar ta zagin, Sale. Ka ji muryar? Ko ɗan amshi babu!"

"Baba sori," in ji Isiyaku, "amma kai ka ce in manna hoton." Sai ya kawo dabara. Wai Hamma ya yi magana a ɗauki muryarsa, ya ce ba mu ba ne, yaran Marwa ne. Isiyaku ya samu hotonsu da sunan unguwarsu a wayar wani direba, zai haɗa duka ya sa a gaban foldar, kwana biyu ya ishe shi ya zaga gari. Na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Ga shi abin da Hamma ya fi so a duniya ke nan, a ba shi dama ya ce shi ne na asali, sauran na bogi.

Ya ce a nuna masa hoton. Samari uku ne ramammu a ƙofar shagon aski, ɗaya ko gemu bai fara ba. Ya daɗe yana kallo.

"Tsakanin Marwa da dajin nan, akwai nisa?"

Duk mun san sun fi mu kusa da dajin, nesa ba kusa ba.

"Goge hoton nan, Isiyaku. A gabana. Nawa kuma ka bar shi inda yake."

"Hamma!" na ce.

"Ni na ba su aron sunan. Yanzu in tashi in nuna wa mutane ƙofar gidan uwarsu?"

Nan na fashe. Na ce wane aro? Yaran nan ba su san ka ba, ba su taɓa jin akwai wani Yero a duniya ba! Ni ina da 'ya'ya biyar! Ya dube ni, ya fita bakin shagon inda 'yan tasha ke ji, ya ɗaga murya ya ce daga yau ya kore ni, ya kori 'yan amshi, Iskar Damina shi kaɗai ne. Ya ƙara da cewa dama kalanguna ya daɗe yana ɓata masa waƙa. Na san dalilin da ya sa ya faɗa da ƙarfi haka: so yake gari ya ji ba ma tare, a ƙyale mu. Kuma na karɓi korar da hannu biyu na tafi gida. Wannan kunyar tana tare da ni har yanzu.

Ya tura Adda Hauwa da yara ƙauyensu. Maƙwabta suka roƙe shi ya cire allon ƙofar, ya ce fentin ma ya koɗe, ya sa aka sabunta. Kullum bayan azahar zai fito da benci ya zauna a ƙarƙashinsa, kukuma a cinya. Ni kuma sai in bi ta ɗaya gefen titi kamar mai wucewa, in tabbatar yana nan, in koma. Kusan wata biyu ina wannan zarya kafin na iya tsallakawa na zauna kusa da shi.

"A'a, Sarki ya fito daga fada?"

Muna zaune wayarsa ta yi ƙara, lambar da bai sani ba. Ya ɗauka a hankali ya ce, "Yero ne, Iskar Damina." Na jira sauran, bai zo ba, yatsan ma yana kan cinyarsa. Ashe wata mata ce daga Barunde ke neman makaɗan bikin suna.

Da ya ajiye na ce, "Hamma, ka manta ta asali."

"Ban manta ba. In na ce ta asali, sai a san akwai wata. Yanzu babu wata." Ya ɗan gyara zama. "Kuma ka matsa, rawar ƙafarka tana girgiza min benci."

Ba wanda ya zo. Har yau ba mu san wanda ya rubuta takardar ba, ko su ɗin ne, ko wani mai neman tsorata mu. Waƙar ta tsufa, wata ta maye gurbinta a wayoyi. Adda Hauwa ta dawo. Wata safiya Hamma ya aiko a kira ni, ya ce ya nemi wanda ya fi ni kalangu bai samu ba, kuma abin ya ba shi mamaki ƙwarai. Ranar na ji shi yana amsa waya da yatsa a sama, "ta asali" ta dawo da ƙarfinta, na juya baya na share ido.

Ciwon suga ne ya ɗauke shi, a kan gadonsa, cikin damina. Ranar uku Mama Rifkatu ta zo gaisuwa da matan zumunta, an lulluɓe kai, suka zauna da Adda Hauwa. Da za su tafi ta tsaya a ƙarƙashin allon ta ce min, "Malam Sale, mun ce in mun gama za mu dawo da shi. Ba mu gama ba." Na ce su riƙe, mai shi ba ya karɓar abin da ya bayar.

Su kuwa yaran Marwa ban san inda suke ba. Wataƙila sun yi aure, wataƙila sun daina waƙa, wanda Hamma zai ce hakan ya fi wa kowa alheri. Ba su san wani tsoho a Nasarawo ya zauna a benci wata da watanni yana amsa sunansu ba.

Allah ya ji ƙan Hamma Yero, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya rufa wa 'ya'yan mutane asiri bai taɓa ganinsu ba, ya Allah ka rufa masa nasa. Amin.