Golan da Aka Kai Riƙo

Duk ƙasar Jigawa, daga Taura har ka dangana da Dutse, ban jin an taɓa haihuwar mai tsaron gida irina. Kada ka dubi tumbin nan da nake turawa gaba yanzu. A zamanina idan na tsaya tsakanin karare biyu na buɗe hannu, ko sauro sai ya nemi izini kafin ya wuce. Kuma tun ba mu san ana cinikin 'yan wasa a ƙasashen waje ba, ni an riga an yi musayata.

Abin da ya tuno min da zancen, ran Asabar ina zaune a ƙofar gida a Takur, yaron wani maƙwabcina mutumin Filato da muke aiki tare ya zo yana nuna wa ɗana wani wasa a waya. Wasu ƙarti ne ke zamiya a kan ƙanƙara riƙe da sanduna, golansu an naɗe shi kamar katifa. Wai kulob ɗin da yake so ba su da tsayayyen gola, ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ba a yarda da shi ba, ana ta neman inda za a yi musaya. Na ce su matso su zauna, su ji daga bakin wanda abin ya faru a kansa.

Garinmu ƙauye ne a gefen Aujara, kududdufi ya raba shi biyu, mu a gabas, su a yamma. Da damina ba mai maganar tamaula, duk inda ka taka shukar wani ce. Sai an girbe dawa an kwashe kara, sannan mu bi gonar baffa muna tumɓuke kututture har hannu ya yi kanta. Mu kafa kara biyu masu kauri a kowane gefe, shi ke nan fili ya haɗu. Dokarmu guda ce, kuma ba ta da ɗaukaka ƙara: inda kake cin tuwon dare, nan kake buga ƙwallo. Mai riƙe da dokar wani dattijon tela ne a bakin kasuwa, shi ke ɗinke mana ƙwallo idan ta yage, shi ke raba gardama da zare a baki.

To, akwai wani ɗan abu da ya kamata in faɗa tun da wuri. Ba ni ne gola na ɗaya ba. Na ɗaya wani ɗan Fulani ne da suke sauka a gonar baffa bayan girbi, shanunsu su ci ragowar kara su bar mana taki. Yaron da ya saba cafke maraƙi a guje, me ƙwallo za ta yi masa? Matsalarsa ɗaya, ba wanda ya san ranar tashinsu. Idan muka tambayi mahaifinsa, sai ya dubi sama, ya dubi shanu, ya ce sai yadda ta yiwu. Kullum da safe sai an ɗora ɗayanmu kan katanga ya leƙa ko hayaƙi na tashi a ruga.

A shekarar da nake ba ka labari, babbar Sallah ta faɗo a rani, aka sa wasan gabas da yamma washegarinta. Wasa ne da dattawa ke shimfiɗa buzu su kalla, wanda aka ci kuwa sai ya shekara ba ya tsallaka kududdufi da kai a ɗage. Ana saura 'yan kwanaki aka hau katanga, babu hayaƙi. Muka ruga muka tarar da toka da kashin shanu.

Na gyara murya na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ina nan. Yayana, ɗan baffa, wanda shi ne kyaftin, ya dube ni irin duban da mace ke yi wa tulun da ya tsage. Wai ina rufe ido idan ƙwallo ta taho. Har gobe ina musun wannan ƙazafin. Ƙiftawa ce, kowane ɗan Adam yana ƙiftawa, tawa ce dai takan ɗan jima.

Aka gwada wanda ya fi tsawo a cikinmu, ya gudu ya bar gidan. Aka gwada mai ƙiba, da nufin ya toshe, ƙwallo ta bi ta ƙarƙashinsa. Nan yaya ya fara lissafi. Mutanen yamma gola biyu gare su, kullum suna dambe kan wanda zai tsaya. Na biyun kuwa gwaggonsa tana aure a gidanmu, ita ce matar baffa. Ni kuma kakata ta wajen uwa tana zaune a yamma ita kaɗai, kullum tana aiko da ƙorafin ba mai ɗebo mata ruwa. Idan wancan ya zo yana cin tuwo wajen gwaggonsa, ni na koma ina ci wajen kaka, doka ta cika.

Yaya ya je ya gaya wa innata wai kewar tsohuwa ta hana ni barci. Ni kuma ya ja ni bayan rumbu ya ce mutanen yamma sun rantse ba za su ba da golansu ba sai an ba su ni. Kaina ya yi girman da da ƙyar ya wuce ƙofar zaure. Saurin da inna ta yi wajen ɗaure min kaya ya kamata ya sa ni tunani, amma mutumin da unguwa guda ke nema ba ya tsayawa tunani.

Ina yin sallama kaka ta ce, "Mai gida ya dawo, yau na huta da zawarci." Kafin in zauna ta miƙo min guga. Rijiyar yamma kuwa, idan ka saki guga da safe sai ka yi karin kumallo kafin ka ji ta taɓa ruwa. In cika randa, in yi wa awaki harawa, in share turke, in kai niƙa, in dawo a ce garin bai yi laushi ba. Awakin nan ko wanne da halinsa, akwai wani bunsuru da ya ɗauke ni abokin gaba tun ranar farko. Da na samu na sulale zuwa filinsu, kyaftin ɗin yamma ya ce sun gode, suna da gola, in zauna a inuwa kada rana ta taɓa ni. Na ce a raina ɓoye ni suke yi sai ranar wasa.

Da Allah ya tashi ikonsa, golan nasu ya auka wa naman Sallah ba ji ba gani. Ranar wasa tun asuba yake safa da marwa tsakanin ɗaki da bayan gida. Kyaftin ya duba gabas ya duba yamma, ya dafe kai, ya ce in shiga.

Ka tuna su wa zan tare. Waɗanda muka tashi ɗaki ɗaya, suka san ni ciki da bai. Ina ji da kunnena yaya yana gaya musu kada wanda ya wahalar da kansa da dabara, a dai buga da ƙarfi a kuma yi ihu. Ɗan'uwanka ke nan, wanda kuke sa hannu a akushi ɗaya. Ta farko na ji iskarta kawai. Ta biyu na faɗi dama ta bi hagu. Daga nan na bar wa masu ilimi ƙirga. Guda ɗaya na tare, kuma har yau ana maganarta, don da hanci na tare ta. Kaka tana gefe da sandarta tana tambayar jama'a da ƙarfi ko aikin da aka ba mijinta shi ne ya riƙa nuna wa ƙwallo hanya. A can ɗaya gefen, wanda aka yi musayata da shi yana ta cafkewa kamar ana miƙa masa.

Washegari shi ya koma gidansu, don zuwansa ziyara ce. Ni ma na naɗe tabarmata. Kaka ta tambayi ina zuwa. Ashe innata ba aro ta ba da ni ba, riƙo ta bayar, kuma ɗan da aka kai riƙo ba bakin yara ke dawo da shi ba. Na kai kuka wajen baba, ya ce shi ba zai tsaya gaban surukarsa ya buɗe baki a kan tamaula ba, in je in yi haƙuri. Haka na ci gaba da jan guga har aka yi ruwan shuka, aka yi noman farko, aka yi maimai, ni da bunsurun nan.

Abin da ya riƙe min zuciya duk tsawon lokacin shi ne wata yamma da na dawo daga niƙa, na hango kyaftin biyu a gaban tela suna ɗaga murya, kowa yana nuna gidan kaka da yatsa, har dattijon ya cire zare daga baki ya miƙe tsaye. Ban ji me suke cewa ba, amma mutum ya san darajarsa.

Yanzu gonar baffa duk gidajen bulo ne, kududdufin ma an cike rabinsa. Yaran Takur suna da raga ta gaske da safar hannu, yau yaro yana wannan kulob gobe yana wancan, ba mai tambayar inda ya ci tuwo. Riƙo kuwa, in na ce zan kai ɗana ƙauye ya yi wa wata tsohuwa jan ruwa, uwarsa sai ta tara min unguwa. Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, kuma ban sake cin miyar kuka irin tata ba, ko da yake da gumina na biya.

Ina cikin kai wa yaran ƙarshen labarin, ina gaya musu yadda unguwa biyu suka kusa ba hammata iska a kaina, sai ga yaya ya sauka daga babur da buhun gero da ya kawo min daga gida. Gemunsa ya yi fari fat, amma halin yana nan. Ya tsaya ya saurara har na dire, na ce ga shaida nan, su tambaye shi in ƙarya nake.

Ya ajiye buhun, ya karkaɗe hannu, ya ce, "Ai gaskiya babanku ya faɗa, an yi rigima a kansa. Mu muna cewa nasu ne, su suna cewa namu ne."