Musbahu, Mai Sauka Daga Keke Don Gaisuwa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Nuwamba 2017, Allah ya karɓi ran Musbahu Sanda a Birmingham. Ya taso daga gidansa a Selly Oak zai tafi jami'a, yana cikin layin da aka ware wa masu keke, sai wata mota ta ratso ciki ta buge shi. Direban ya ce bai gan shi ba. Gari ya waye sarai, kuma Musbahu na sanye da rigar nan mai ƙyalli da ake hangowa daga nesa.

Musbahu, a Cheetham Hill na fara saninka, kana digiri na biyu a Manchester. Ina gadin wani sito na 'yan sari, ni da na zo ƙasar nan karatun injiniyan hanya tun ba a haife ka ba. Mutanenmu masu manyan motoci kan ɗaga min yatsa ta bayan gilashi su wuce. Kai kuwa sai ka tsaya, ka sauko, ka turo keken da hannu, ka rusuna ka gaishe ni, ko da ruwa ake tafkawa. Na ce maka, "Yaro, nan ba Zariya ba ce, ba mai sauka wa kowa." Ka ce, "Baba, ai keken ya saba. Ko ban kama birki ba, in ya gan ka tsayawa zai yi."

Da ka koma Birmingham, bayan gidanka ya zama wurin gyara. Tsofaffin kekunan da aka yar kake tarawa, ka ɗinke tayoyi, ka miƙa wa sababbin ɗalibai, ka bi su a baya har sai sun saba da bin hagu irin na nan, sun daina ɓacewa zuwa hannun dama. An yi ta tsokanarka, wai mutum na dab da zama dakta yana yawo kamar mai tallan madara. Kai dai ka yi dariya ka ce likita ne ya haɗa ka da keke saboda tuwon matarka Rabi'a.

Na je na ga wurin da motar ta buge ka. Farin layin ya koɗe, sai ka sunkuya kafin ka gane shi. A wannan zamani na tsuke bakin aljihu an rufe ɗakunan karatu, an rage ma'aikata, fenti ma ya zama kayan marmari. Ko sabo ne, fenti ba katanga ba ne. Na san ɗan tudun siminti da zai raba mota da keke, da hannuna na zana irinsa a jarrabawa, ba wanda ya taɓa tambayata. Ɗaliban da ka bai wa kekuna ta nan suke bi har yau.

A zaman makoki dattawa suka yi abin da muka gada. Suka ce ƙaddara ce, a gaya wa 'yan sanda mun yafe, a rufe magana. Ni na daɗe da fid da rai da hukuma, ta gida da ta nan. Sai matarka Rabi'a ta yi magana daga bakin ƙofa, muryarta ƙasa-ƙasa: "Iyayena, ku gafarce ni. Direban na yafe masa, Allah ya sani. Hanyar ce ban yafe wa ba. Za a yi zaman bincike, kuma zan je." Ta juyo wajena: "Baba, ya ce min kai ka karanci titi. Za ka raka ni?"

Ba ka taɓa wuce ni a kan sirdi ba, Musbahu. Ni ma ba zan wuce wannan ba. Na kakkaɓe tsofaffin littattafaina, zan hau jirgin ƙasa in zo.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka ƙetare siraɗi ba tare da tuntuɓe ba. Ina miƙa ta'aziyya ga Rabi'a, da 'yarku Kulu, da mahaifiyarka Hajiya Raki a Zariya. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare waɗanda suka rage a kan wannan hanya. Amin.