Talatun Rum da Gawar Bala

Kakata Ladi ko Kano ba ta taɓa zuwa ba, amma in tana zancen sarakunan Rum sai ka rantse maƙwabtanta ne da suka ci mata amana. Daddawa take yi a ƙauyenmu, can kudancin Katsina. Duk ranar da ta ɗora tukunyar kalwa, mu jikoki mun samu aiki: bayan tuwo sai mu kewaye murhu muna tura kara kada wutar ta mutu, ita kuma ta biya mu da labari. Mu Hausawa ne Kiristoci, 'yan tsiraru a yankin. Labaran nan tun tana budurwa ta ji su a bakin wani mai bishara, ta zo ta ƙara musu nata gishirin.

"Wannan ba ta gizo ba ce," haka take farawa. "Ku rufe min baki, mutane ne suka mutu."

Kowane sarki da irin tsakin da take masa. Augustas shi ne mai ƙirga mutane kamar awaki, wanda ya tayar da uwar Almasihu da tsohon ciki ya sa ta doguwar tafiya. Tibariyas yana can yana shan iska aka gicciye Almasihu a ƙasar da yake mulki, ko tambaya bai yi ba. Amma in ta zo kan Niro sai ta ajiye muciya, ta tofa yawu a gefen murhu.

Gobara ta cinye birnin Rum, in ji ta, mutane suka fara raɗa cewa sarkin ne da kansa ya sa wutar. Da zancen ya kai kunnensa sai ya nemi waɗanda ba su da kowa, ya ɗora musu. Aka yi ta kama masu bin Almasihu, ana shafa musu ƙaro, ana ɗaure su a jikin itace a lambun sarki, ana kunna su don baƙinsa su ga hanya. A cikin taron akwai wata mai tallar ƙosai, sunanta Talatu.

"Kai, Kaka! A Rum ɗin akwai Talatu?" in ji ni.

"Ja'ira, can ba a haihuwa ranar Talata ne?"

Wani dogari da ya saba cin ƙosanta ya ga tana kuka. Ya matso ya ce, "Ke ma tasu ce? Ki ce a'a kawai ki wuce gida. Ko ki yi shiru ma, ni ban ga komai ba." Talatu ta sauke tirenta ta ce, "Ni tasu ce." A nan Kaka take kallonmu ɗaya bayan ɗaya, wuta na haska rabin fuskarta. "Duk wanda aka tambaye shi ya yi shiru, ba jinina ba ne." Ni kuwa sai in ji kaina ya kumbura, in kwanta ina fatan wani ya zo ya tambaye ni.

An tambaye ni kuwa, ina da shekara arba'in da wani abu, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Jakunkunan mata nake saro daga kasuwar Shiling ina kaiwa Kaduna. 'Yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi duk Hajiya suke ce min, ko da yake manyansu sun san sunana Rahila, sun kuma san inda nake zuwa ran Lahadi. Ba su taɓa nuna min bambanci ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. A cikinsu akwai Bala, mai haɗa mana kaya a kwantena. Ɗan ƙauyen da ke kusa da namu ne, ya daɗe a ƙasar har ya iya cacar baki da masu shago da yarensu. In Basine ya ce masa "meyo", wato babu, sai Bala ya ja kujera ya zauna har sai abin ya zama akwai. Da azumi tare yake shan ruwa da 'yan kasuwarmu, ranar Juma'a kuma ya ce yana wajen lodi. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai ce komai ba.

Wata safiya ya faɗi a bakin sito, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Alhaji Mamman, dattijon 'yan Maraɗi da muke kai wa kowace matsala, ya tara mu a wani ɗakin cin abinci kusa da titin Guangyuan. Ya yi bayani a hankali. A ƙasar nan ƙona gawa ake yi. Musulmi ne kawai aka ɗaga wa ƙafa, suna da maƙabartarsu. Kai gawa gida kuwa ya fi ƙarfin dukkanmu da iyayensa. Sai ya juyo gare ni.

"Rahila, ke ce 'yar yankinsu. Ba mu taɓa ganinsa a masallaci ba, ba mu kuma taɓa ganinsa a coci ba. Sunansa Bala, yaronmu ne. In ba ki ce komai ba, gobe mu yi masa sutura mu sa shi a ƙasa."

Na gane sarai abin da yake yi. Ƙofa ya buɗe min, ya kau da kai don in wuce. Wallahi bawan Allahn nan alheri yake nufi. Amma muryar Kaka ta cika min kunne, na ji bakina yana cewa, "Baba Alhaji, sunansa Bitrus. A rafin garinsu aka yi masa baftisma, ina tsaye a wurin."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "To, 'yata. Tunda kin faɗa, mun ji, ba kuma yadda za mu yi mu ce ba mu ji ba." Su Alhajin ne dai suka yi ta zirga-zirgar takardu, su suka raka ni har inda aka ƙone shi, suka tsaya a waje. Aka miƙo min shi a wani ɗan akwati da bai kai kwanon awo ba. A cikin jakar hannu, irin waɗanda nake sayarwa, na kawo shi gida.

Shekaru sun wuce, har yanzu ina zuwa sari, kuma har yanzu in na tuna Kaka ina jin haushinta. Ina son ta, Allah ya sani, amma ta cuce ni da labarin nan. Ta ba mu shi a wanke tas, ga mugu ga mai gaskiya, ba ta taɓa ce mana wani lokaci mai tambayar mutumin kirki ba ne. Ba ta ce mana Talatu da jikinta ta biya amsarta ba, ni kuwa da jikin ɗan wata na biya tawa. Fastonmu ya ce na yi daidai, ya ma ba da misali da ni a wa'azi. Ranar na tashi na fita kafin a gama.

Don shi bai je gidan su Bala ba. Ni na je. Na tarar da mahaifiyarsa, Inna Hannatu, tana sussukar dawa, na durƙusa na ajiye akwatin a gabanta, na ba ta labari tun daga farko ban rage komai ba. Ta ɗauke shi, ta jinjina shi a hannu kamar mai duba nauyin jariri. Ba ta yi kuka ba a lokacin.

"Wannan ne Bala?" ta ce. "Me zan wanke? Ina zan taɓa in san shi ne?"

Na ce, "Inna, na ji tsoron a rufe shi da sunan da ba nasa ba."

Ta dube ni ta ce:

"Da kin bar bayin Allah sun sa min shi a ƙasa, Rahila. Ubangiji bai san fuskar ɗana ba ne, sai ke kin gabatar masa da shi?"