Ranar da Saude ta kama sunan surukinta

A Ruwan Bago kowa ya san Saude da kunya. Tun da aka kawo ta gidan surukinta Malam Lado, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Shekarar farin da ya biyo bayan yaƙin basasa, mijinta ya tafi ci-rani ya bar mata tsohon, ido ya tafi, hankali ya gushe. Ita ke ba shi kunu a baki.

Ran nan tana surfe, ta hango shi yana lalube, ya nufi bakin rijiya. "Baba! Baba!" Ko waiwaye bai yi ba. Sai ta daka tsawa: "Lado! Tsaya nan!"

Ya tsaya cak. "Na tsaya, Inna," ya ce. "Kar ki doke ni."